Bugun riga yana tsagewa bayan wanki biyu, in koma DTF ne ko laifin hannuna ne?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan sana'a. Dan Allah shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun. Wata bakwai kenan da na fara bugun riga da sikirin, wato tura tawada kan riga ta cikin ragar da aka ɗaure a firam, ƙananan ayyuka nake samu, riga goma sha biyar haka. Sati uku da suka wuce aka ban aiki mafi girma tun da na fara, baƙaƙen tishat guda 48 na wata ƙungiya, farin rubutu a baya, tambari mai kala biyu a ƙirji. Na buga ya fito tsaf wallahi har hoto na ɗauka ina nuna wa mutane. Jiya shugabansu ya turo min hotuna, wanki biyu kacal rubutun bayan ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, wasu haruffan ma sun fara ɓarewa. Ban yi barci ba jiya. Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina da sikirin, tsohon yayi ne, in tara kuɗi in sayi injin DTF kawai, mai buga zane a fim a manna a riga. To shi ne nake tambaya, gaskiya ne sikirin ba ya jure wanki ko ni ne ban iya ba? Kuma ya zan yi da mutanen nan?

Baba_Sikirin:
Wa alaikumus salam yaro. Kafin kowa ya ce maka sayi kaza, amsa min abu uku. Wace tawada ka yi aiki da ita? Da me ka busar? Rigar auduga ce zalla ko gauraye ce?

Sabon_Hannu:
Baba filastisol ce fara, mai kaurin nan. Da bindigar zafi na busar, irin ta hannu, ina bin rubutun da ita har sai na taɓa na ji ba ya kama yatsa. Rigar kuma takardar wuyanta ta ce auduga 100%.

Baba_Sikirin:
To ka gama faɗin ciwonka da bakinka. Sikirin bai yi maka laifi ba, tawadar ce ba ta nuna ba. Filastisol ba bushewa take yi ba, dahuwa take yi. Babu ruwa a cikinta da zai tashi, garin roba ne na PVC yana yawo cikin wani mai, shi ya sa ko ka bar gwangwaninta a buɗe wata guda za ka dawo ka tarar da ita yadda ka barta. Sai zafi ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin salsiyos sannan garin ya narke ya haɗe ya zama fata ɗaya da ta riƙe zaren rigar. Kuma ba samanta kaɗai ba, tun daga sama har ƙasan da ya taɓa yadin sai ya kai wannan zafin. Tun wajen digiri 110 zuwa 120 samanta ke daina kama yatsa, a nan ne sababbin shiga suke cewa an gama, alhali ƙasan ɗanye ne shar. Ita bindigar zafi wuri ɗaya take dukawa, nan ya kai can bai kai ba, in ka tsaya da yawa kuma ka babbake rigar. Fara kuwa ta fi kowace kala wuyar nuna saboda ana zuba ta da kauri a kan baƙar riga. Ina da rigunan da na buga sama da shekara goma, yadin ya ƙoƙe wuyan ya saki, rubutun yana nan.

Zee_Dizain:
Baba ya faɗa. Gwaji mai sauƙi: ka bar rigar ta huce, ka kama rubutun da hannu biyu ka ɗan ja. In ya miƙe ya koma to da dama, in ya tsage nan take bai nuna ba. Amma babban alƙali shi ne wanki, kowane sabon aiki ki wanke ɗaya... au ka wanke, na saba da magana da ɗalibaina mata 😂 ka wanke ɗaya sau uku kafin ka miƙa kaya.

Abba_DTF:
Ni dai da girmamawa ga Baba amma abokinka bai yi ƙarya ba. Zamani ya wuce wurin shafa emolshan, ruwan da ke toshe raga ban da inda zane yake, da wanke firam da jiran bushewa. DTF ka buga a fim, ka barbaɗa hoda mai sa zanen ya manne, ka gasa, ka manna a digiri 150 zuwa 160 sakan 15 shikenan. Kala ɗari ma in kana so, hoton mutum ma yana fita, auduga ko foliyesta ko gauraye duk yana kamawa, baƙa ko fara. Riga ɗaya ma zan yi maka ba sai ka kawo dozin ba.

Maman_Iman:
@Abba_DTF ka faɗi daɗin ka ɓoye ɗacin. Ni ina da injin shekara biyu kenan bari in gaya wa yaron nan gaskiya tsakani da Allah. Farar tawadar DTF tana da sinadarin titaniyam mai nauyi, kwanciya yake yi a ƙasa in an bar shi. Ka yi kwana uku huɗu ba ka kunna inji ba, kan firintar da ke fesa tawada ya toshe, kuma kan nan shi ne abu mafi tsada a jikin injin. Kullum da safe sai na girgiza tawada, na yi gwajin layuka, na goge, ko da aiki ko babu. Na taɓa tafiya ta sati ɗaya na bar wa yarinyata amana ta manta, da na dawo sai da na canza kai, ribar wata biyu ta tafi a nan. Injin nan kamar jariri yake, ba ya son a bar shi shi kaɗai. Wanda yake samun riga goma yau, sati ya wuce babu komai, in ya saye shi ya sayo wa kansa hawan jini ne.

Abin da zan ba ka shawara ƙanina, in aikin DTF ya zo maka kai wa masu injin su buga maka fim ɗin, da mita suke sayarwa, ka cika shi da zane-zanenka kar ka bar fili, ka dawo ka manna da kanka. Abin da kake buƙata yanzu injin matsa zafi ne mai kyau, hit fires. Shi zai manna maka DTF, shi zai manna fileks, ledar nan da ake yanka rubutu a jikinta, kuma shi zai dafa maka filastisol ɗin da ta ba ka kunya. Inji ɗaya aiki uku.

Abba_DTF:
Hajiya ban musa ba, kulawa kam yana so. Amma ni aiki ba ya yanke min shi ya sa ban taɓa ganin toshewar ba.

Sabon_Hannu:
Anti na gode sosai. Yanzu hit fires zai iya dafa filastisol? Na ɗauka sai babban injin nan mai bel da riga ke shiga ta fito ta ɗaya gefen.

Baba_Sikirin:
Zai iya mana, a hankali ne dai. Ka fara bi da bindigarka sama-sama har ta daina kama hannu, sannan ka shimfiɗa a fires, ka rufa takardar tefulon a kai, digiri 160 zuwa 165, kamar sakan 30, kar ka danne da ƙarfi sosai. Amma ka karanta jikin gwangwanin tawadarka, kowane kamfani yana rubuta nasa zafin, nasu za ka bi ba nawa ba. Mai bel ɗin na masu buga ɗaruruwa ne a yini, lokacinsa zai zo.

Injiniya_Bash:
Ƙari a kan maganar Baba, kar ka yarda da lambar da fires ke nuna maka. Na sha buɗe masu araha, allon yana cewa 160 tsakiyar farantin 160 ɗin ne amma kusurwoyi 140 ko ƙasa, saboda wayar zafin da ke ciki ba ta zagaye ko'ina ba. Sai ka ga tsakiyar rubutu lafiya, harafin farko da na ƙarshe suna ɓarewa. Ka nemi ma'aunin zafi ka auna wuri biyar, tsakiya da kusurwa huɗu. Shi ma ma'aunin zafi na leza fatar sama kawai yake karantawa, bai san me ke ƙasan tawada ba, don haka kar ya hana ka gwajin wanki.

Dan_Gayu99:
Duk wannan dogon turancin na me? Sabulimeshan kawai. Ba ya tsagewa ba ya ɓarewa har rigar ta mutu, in ka shafa ma ba za ka ji komai ba.

Zee_Dizain:
@Dan_Gayu99 ka karanta tambayar kuwa? Baƙar riga, auduga zalla. Sabulimeshan ta ina? 😅

Dan_Gayu99:
Na ga ana yi a auduga ai

Malam_Nura_Kala:
A'a ɗan'uwa, bari a gyara kar wani ya karanta ya je ya yi asara. Tawadar sabulimeshan rini ce, in ta ji zafi wajen digiri 190 zuwa 200 sai ta zama tururi ta shige cikin zaren foliyesta, in ya huce ta kulle a ciki. Shi ya sa ba ka jin ta a hannu, ta zama jikin yadin. Zaren auduga ba ya riƙe ta, ranar farko za ka ga kala, wanki ɗaya biyu ta zube. A gauraye kuma iya kason foliyestan ne ke kamawa, sai ya fito a koɗe. Na biyu babu farar tawada a sabulimeshan kwata-kwata, farin da kake gani farin rigar ne. Ka rina baƙin yadi da ja ka ga me zai fito. Abin da ka gani ana yi a auduga ko dai an fesa wani ruwa a kai ko an fara manna wani farin fileks sannan aka buga a kansa, wannan kuma ya zama wani abu daban, zai iya ɓarewa kamar kowa.

Dan_Gayu99:
To na ƙaru Malam.

Ummu_Sadiq:
Tunda an zo maganar foliyesta bari in ba da nawa labarin ko wani zai tsira. Jajayen rigunan ƙwallo aka kawo min 22, farar lamba da suna a baya. Na buga na dafa da kyau a 160 yadda ake cewa, fari tas. Washegari da safe na buɗe kwali, duk lambobin sun koma ruwan hoda. Na zauna a ƙasa na rasa kuka zan yi ko dariya. Ashe rinin jikin foliyesta shi ma tashi yake in ya ji zafi, ya ratso cikin farar tawada, kuma wani lokacin ba nan take ba sai bayan kwana ɗaya ko biyu. To kun ga Sabon_Hannu rashin zafi ne ya kashe shi, ni kuma zafin ne ya kashe ni. Yanzu foliyesta mai duhu ko ja ina amfani da tawadar da ke nuna a ƙaramin zafi, wajen 130 zuwa 140, ko in fara shimfiɗa toka-tokar tawadar nan mai tare rini a ƙasa. Kuma ba na tara su a kan juna da zafinsu.

Baba_Sikirin:
Wannan kam kowa sai ya sha ta sau ɗaya. Ja da ruwan ƙasa su ne shugabannin mugunta.

Alhaji_Sari:
Ni ba na buga ko ɗaya da hannuna, ina da yara masu yi, lissafi ne nawa. Musun sikirin da DTF da kuke yi kowa yana da gaskiya a wurinsa, adadi ne ke raba gardamar. Sikirin wahalarsa a farko take. Kowace kala firam ɗinta daban, kala uku firam uku, a raba kalolin a kwamfuta, a fitar da fim, a shafa emolshan, a bushe a duhu, a haska, a wanke, a daidaita su a kan juna. Mu ce awa biyu kafin riga ta farko ta fita. In riga 10 ce, kowace ta ɗauki minti 12 na wannan shirin a kanta. In 200 ce, sakan 36. Tawadar kuma ba ta da wani tsada a kan kowace riga. DTF ba shi da wannan shirin amma riga ta ɗari biyu kuɗinta ɗaya da ta farko, ba ya sauka sai kaɗan. Don haka a wajena kala ɗaya ko biyu, daga riga 25 zuwa sama, sikirin. Kala da yawa ko hoto ko riga kaɗan, DTF. Suna da lamba da kowace riga nata daban, fileks ko DTF. Aikin yaron nan, 48 da kala biyu, aikin sikirin ne sak, bai yi kuskuren zaɓe ba.

Kuma ku riƙa cajin kuɗin shirya firam daban a rubuce. Kwastoma in ya ga kowace kala da kuɗinta, da kansa zai ce a rage kala biyar ɗin nan zuwa biyu.

Abba_DTF:
Alhaji ni ko 100 ce DTF nake yi kuma ina cin riba

Alhaji_Sari:
Kana ci, ban ce ba ka ci ba. Ka zauna ka lissafa nawa za ka ci da sikirin ka yi ta, sai ka dawo mu yi magana. Sannan babban zane a baya da DTF, mai rigar yana jin sa kamar an manna masa leda, iska ba ta shiga, gumi ya taru a wurin.

Maman_Iman:
Wannan gaskiya ne, shi ya sa nake huda manyan zane da ɗigo-ɗigo ko in cire duk inda kalar rigar za ta iya tsayawa da kanta. Baƙi a kan baƙar riga me ya sa za ka buga shi? Ka bar yadin ya yi aikin, ka rage tawada, rigar ta yi laushi.

Sabon_Hannu:
Wallahi na ƙaru fiye da wata bakwai ɗin da na yi. Amma dan Allah a dawo kan ɗaya tambayar, mutanen nan fa suna jira na. Shugaban ya ce ko in sake musu ko in dawo da kuɗi. Kuɗin kuwa na riga na sayi tawada da firam da su.

Zee_Dizain:
Ka fara tambayarsu guda nawa ba a wanke ba tukuna. Duk wadda ba ta shiga ruwa ba ko ba ta tsage ba a karɓo ta, a saka a fires a ƙarasa dafa ta, za ta tsira. Filastisol ba ta damu da an yi sati uku ba, tana nan tana jiran zafinta. Waɗanda suka ɓare kam sai sabuwa.

Dan_Gayu99:
Ni fa da ni ne cewa zan yi su suka wanke da ruwan zafi da buroshi. Wa ya gani?

Baba_Sikirin:
Kai yaro ka ji tsoron Allah. Riga 48 gida 48 ne, duk su suka haɗa baki suka sa buroshi? Sabon_Hannu kar ka saurare shi. Ka kira mutumin, ba saƙo ba kira, ka ce Malam laifina ne tawadar ba ta nuna ba, na gano matsalar, ka ban kwana kaza. Mutum 48 ɗin nan kowanne yana da wata ƙungiyar ko makaranta ko wurin aiki da wata rana za su so riga. Ko dai su ce wane ya yi kuskure ya gyara, ko su ce wane ya cuce mu. Ni babban kwastomana na yau ta hanyar aikin da na ɓata masa muka saba.

Alhaji_Sari:
Na yarda a gyara amma kar ka dawo da kuɗi kuma ka sake aiki, ɗaya za a yi. Kuma ka karɓi tsofaffin kafin ka ba da sababbi, guda nawa aka dawo guda nawa za ka sake. In ba haka ba za ka ji 48 duk sun lalace alhali 15 ne.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Abin da na lura a maganarka shi ne ka ce kuɗin ka sayi kaya da su, wato ba ka ware komai ba. Kowane aiki ka kasa kuɗinsa: kuɗin riga, kuɗin tawada da fim da wuta, ladan hannunka, sannan wani ɗan kaso na ɓarna ka ajiye shi gefe kar ka taɓa. Ni cikin kowace riga 50 ina sayen biyu ƙari tun farko, domin sai an samu wadda ta karkace ko yatsa mai tawada ya taɓa, kuma in ka koma neman irinta daga baya sai ka tarar kalar ta ɗan bambanta. Sannan kafin alƙalami, ba na taɓa firam sai an ban kashi 70 cikin ɗari, ragowar kuma kafin kaya su bar hannuna. Riga da aka buga wa sunan wata ƙungiya in suka fasa wa za ka sayar wa? Ko kyauta ka bayar sai an tambaye ka su waye waɗannan.

Ummu_Sadiq:
Kashi 70 bai yi yawa ba Hajiya? Ni rabi nake karɓa kar su gudu.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ƙa'idata dai kafin alƙalamin ya biya rigunan da kayan aiki gaba ɗaya, in mutum ya ɓace ladan hannuna kaɗai na rasa. In rabi yana rufe miki wannan to rabi ya isa. Wanda ya gudu saboda an ce ya biya kuɗin rigarsa, da ma can zai gudu, gara ya gudu tun ban sayo ba.

Zee_Dizain:
A ƙara da sa hannu a kan samfur!! Wannan ya taɓa ceto na. Wata makaranta suka turo rubutu da kuskuren harafi a taken su, na tura musu hoton yadda zai fito na ce a duba harafi-harafi a rubuto min "na amince", suka rubuto. Bayan an buga 120 wani malami ya gano. Suka taso min, na nuna musu saƙon. Ƙarshe dai mun raba asarar don ni ma da na lura da na faɗa, amma da babu saƙon nan ni kaɗai zan ɗauka. Yanzu komai a rubuce: kalar riga, adadin kowane sayis, faɗin zane da santimita, inda zai zauna, ranar karɓa.

Malam_Nura_Kala:
Ni abin da ke cin raina hoton da suke turowa. Mutum ya ɗauki tambari a jikin wata tsohuwar riga da waya, a karkace, ya turo ta WhatsApp wanda shi ma ya ƙara matse shi, ya ce a buga shi ya cika baya. Zane mai faɗin santimita 30 in ana so ya fito da kyau a DPI 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, kusan fiksel 3500 yake buƙata a faɗi, shi kuma ya turo mai 600. In ka ja shi ya fashe ya ce ba ka iya aiki ba. Ku ce su turo a matsayin fayil ba hoto ba, in tambari ne ko rubutu a sake zana shi a CorelDRAW ko Illustrator ya zama bekta, wato zanen da ba ya fashewa ko an ƙara girmansa, wanda ba shi da kuɗin waɗannan Inkscape kyauta ne. Kuma sake zanen aiki ne, a caje shi. Sannan ku gaya musu tun farko kalar da ke haske a fuskar waya ba lallai tawada ta kai ta ba, waya da haske take haɗa kala, mu da tawada.

Dalibi_Mai_Bincike:
Wani abin sha'awa, masu cewa sikirin tsohon yayi ne ba su san iya tsufansa ba ma. Ana danganta asalinsa da ƙasar Sin zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, kuma a 1907 wani Samuel Simon ya yi masa rajistar mallakar fasaha a Ingila. Da zaren siliki ake yin ragar a da, yanzu foliyesta ce.

Abba_DTF:
To ka ga ma ka taya ni, shekara dubu 😂

Baba_Sikirin:
Shekara dubu kuma har yau in kamfani zai buga riga dubu goma shi yake nema. Naka injin mu ga ya yi shekara biyar tukuna.

Sabon_Hannu na manta ban tambaye ka ba, raga mai lamba nawa ka sa wa farin? Kuma sau nawa ka ja?

Sabon_Hannu:
Baba ban san lambarta ba gaskiya, wadda aka ban ce kawai. Ja kuma na yi kamar sau biyar shida don farin ya fito sosai, baƙin rigar yana ta lekowa.

Baba_Sikirin:
To ga rabin matsalar. Ka tula tawada kamar ana yaɓen bango, ta ina zafi zai ratsa? Fari a kan baƙi raga mai lamba 43 ake sa wa, wato zare 43 a kowace santimita, wadda masu lissafi da inci ke kira 110, idonta a buɗe yake. Ƙananan rubutu da siraran layuka 77 zuwa 90, hoto mai ɗigo-ɗigo 120. Ka juya tawadar sosai kafin ka fara har ta yi laushi. Ka bar ɗan tazara tsakanin raga da riga kamar milimita 2 zuwa 3 don ragar ta riƙa ɗagowa da kanta bayan robar jan tawada ta wuce. Ka ja sau ɗaya ko biyu, ka ɗan busar da saman, ka sake ja sau ɗaya. Siriri biyu ya fi kauri ɗaya haske, kuma ya fi saurin nuna. Kar ka danne robar kamar kana faɗa da ita, so ake tawadar ta zauna a kan yadin ba ta nutse ta fita ta ciki ba.

Ummu_Sadiq:
Ni shi ya sa na fi son tawadar ruwa a fararen riguna, laushi kamar ba a buga komai ba. Illarta dai in ka tsaya amsa waya minti biyar ta bushe a cikin raga ta toshe. Ita ma fa sai an dafa, har ta fi cin lokaci don sai ruwan ya gama fita tukuna.

Injiniya_Bash:
Wani abu da ba wanda ya ambata, iska. Hayaƙin gasa hodar DTF da na filastisol da ruwan wanke firam ba abin shaƙa ba ne a rufaffen ɗaki. A buɗe taga, a sa fanka mai fitar da iska waje, masu hoda su sa takunkumi.

Dan_Gayu99:
Tambaya ta daban, in kwastoma ya ce a buga masa tambarin Nike ko Adidas a riga 50 zai sayar, ku kuna yi?

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ni ba na yi. Tambarin mallakar masu shi ne, kuma wanda zai saya a hannunsa zai ɗauka na asali ne, ka ga an haɗu an yaudare shi kenan.

Abba_DTF:
Hajiya in ba ki yi ba na gaba da ke zai yi ai

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ya yi ɗin. Haka ma zanen da wani mai dizain ya sha wahala ya yi ya ɗora a Instagram, a kwafo a kawo min, sai na tambaya an biya shi? Zee ki faɗa musu yadda abin yake da ciwo.

Zee_Dizain:
Kar ki tuna min Hajiya, na taɓa ganin zanena a jikin wani a hanya, an ma goge sunana a ƙasan. A buɗe wa wannan zance nasa wurin daban don zan yi dogon bayani.

Sabon_Hannu:
Salam, na dawo da rahoto. Na kira shugaban kamar yadda Baba ya ce, ya yi faɗa sosai da farko amma ya sauko. An tattaro riguna 41, bakwai masu su ba su kawo ba. Cikin 41 ɗin 26 ba su tsage ba, na kai wurin wani mai fires na biya shi muka dafa su a 160 sakan 35, na wanke biyu sau uku-uku na ja da hannu ba abin da ya motsa alhamdulillah. Sha biyar ɗin sai sababbi, Alhaji kamar ka san lambar. Abin mamaki tambarin ƙirjin ko ɗaya bai lalace ba, na baya ne kawai.

Baba_Sikirin:
Na ƙirjin ƙarami ne kuma siriri, bindigarka ta iya masa. Sha biyar ɗin da suka lalace kar ka zubar, ka juya cikinsu ka riƙa gwaji a kai.

Abba_DTF:
Sha biyar ɗin dai ka kawo a yi maka DTF ka huta, riga 15 ba ta kai a wanke firam ba, ko Alhaji ya faɗa

Alhaji_Sari:
Firam ɗinsa yana nan a shirye ai bai goge ba, shirin an riga an biya shi. Kuma in ya haɗa DTF da sikirin a ƙungiya ɗaya, ranar da suka jeru za a ga farin wasu ya bambanta da na wasu.

Sabon_Hannu:
Eh firam ɗin yana nan, sai dai ragar ce ban san lambarta ba har yanzu. Akwai yadda ake ganewa in ba a rubuta a jiki ba? Sannan fires ɗin da zan saya, mai buɗewa sama kamar baki ko mai juyawa gefe?

Maman_Iman:
Mai juyawa gefe in kana da fili, ya fi danna ko'ina daidai kuma ba ya gasa maka bayan hannu lokacin da kake gyara riga. Nawa mai baki ne, duba hannuna duk tabo. Girman kuma kar ka yi ƙasa da santimita 38 da 38.

Injiniya_Bash:
Ragar kuma duba gefen firam ɗin da kyau ko bakin yadin inda aka manne, galibi ana bugawa a nan tawada ce ke rufe shi. In babu, ɗora ruler ka ɗauki hoto da waya ka zuƙo shi ka ƙirga zare nawa ne a rabin santimita, ka ninka biyu. Turo hoton nan ma mu ƙirga tare.